Amsoshin Wasiƙunku: Cin Abincin Sinawa a Legas

Wasiƙun da suka zo mana a wannan karon sun haɗu a kan abincin Sinawa a Legas, don haka muka ware musu shafin baki ɗaya. Mun taƙaita wasu saboda ƙarancin fili, kuma mun sakaya sunayen marubutan kamar yadda muka saba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, kuma nakan je Guangzhou saro kaya. A can ne wani abokin ciniki ya kai ni gidan abinci na Musulmi, muka ci abincin nan da suke kira dim sum, wanda ake kawowa a ƙananan kwandunan gora yana tururi, ana korawa da shayi. Wata mai zuwa, in Allah Ya yarda, zan shigo Legas fitar da kaya a Apapa, zan sauka a Ikeja, kuma uwargida za ta rako ni. Ina so in kai ta ta ɗanɗana. Wace unguwa zan nufa, yaya zan gane gidan kirki, kuma yaya zan kauce wa abin da Shari'a ta hana? Daga wani Alhaji, Kano.

AMSA: Wa'alaikumus salam, Alhaji. Allah Ya kawo ku lafiya, Ya sa kaya su fito ba tare da wahala ba.

Dim sum ba abincin ƙasar Sin ba ne gaba ɗayanta. Na mutanen kudu ne, wato lardin Guangdong inda Guangzhou take, da Hong Kong da ke maƙwabtaka da shi, kuma a wurinsu abin rakiyar shayi ne da ake ci daga safiya zuwa bayan azahar. Sinawa da kansu sukan lissafa manyan salon girki 8 a ƙasarsu, kowanne da yankinsa. Mutumin Sichuan gwanin barkono ne da wani yaji mai sa leɓe ya yi nauyi, mutumin arewa ya fi ƙwarewa a taliya da kayan alkama, amma naɗa dim sum sana'a ce mai zaman kanta da ake shafe shekaru ana koyo. Saboda haka tambayar farko da za ka yi wa kowane gida ita ce, babban kukunsu mutumin ina ne, kuma a kicin ɗinsu ake naɗawa ko daskararre suke saye a leda su turara.

Wannan tambaya tana da amfani a Legas musamman, domin gidajen nan ba iri ɗaya ba ne. Sinawan da suka kafa masana'antu a Najeriya a shekarun 1960, irin su masaƙar UNTL ta Kaduna da kamfanonin kwanuka, da yawansu daga Hong Kong suka taso. Waɗanda suka biyo baya daga shekarun 2000, ma'aikatan kamfanonin gine-gine da layin dogo irin su CCECC da 'yan kasuwa, daga larduna dabam-dabam suke, kowa da irin girkin garinsu. Ga kuma gidajen da suka daɗe da gyara girkinsu don ya dace da bakin 'yan Najeriya, inda soyayyar shinkafa da kaza mai zaƙi-zaƙi suka fi fita. Duk sunansu gidan abincin Sinawa a allon ƙofa, amma ba kowanne ne zai ba ka abin da ka ci a Guangzhou ba.

Game da unguwa, manyan gidajen sun fi taruwa a Victoria Island da Ikoyi da Lekki Phase 1, sai kuma GRA ta Ikeja, wajen titin Isaac John da kewayensa. Tunda a Ikeja za ka sauka, fara da na kusa da kai. In kuwa ka ƙuduri tsallakawa tsibiri, ka zaɓi ranar Asabar ko Lahadi da hantsi, lokacin da gadar Third Mainland, mai tsawon kusan kilomita 12, take sakin motoci. Ranar aiki da yamma, bayan ka gaji da zirga-zirgar Apapa, ba lokacin kai Hajiya cin abinci ba ne, kuma dama ba lokacin dim sum ba ne. Ka buga waya tun ana gobe ka tabbatar suna yi a ranar da ƙarfe nawa suke farawa. Hanya mafi sauƙi ta samun sunan gida mai kyau kuwa ita ce ka tambayi abokan cinikinka Sinawa ko wakilinsu a Legas inda su kansu suke kai iyalinsu, domin kuku yakan bar wannan gida ya koma wancan, kuma su ne suke fara ji. Hotunan da mutane suka ɗora a Google Maps ko Instagram ma suna taimakawa, muddin ka duba kwanan watansu, ka kuma kalli hoton abin da aka ajiye a teburin mai ci, ba wanda gidan ya ɗauka don talla ba.

Idan kun shiga, dubi masu ci. Gidan da ka tarar da Sinawa sun kewaye tebur da tsofaffinsu da yaransu, butar shayi a tsakiya, alama ce mai ƙarfi. Sai kuma abincin kansa. Akwai wani ƙulli da ake kira har gow, wanda da shi ake auna gwanintar kuku. Fatarsa ta sitacin alkama ce da na rogo, don haka idan ya turaru daidai sai ta yi garai-garai har ka hango jan jatan landen da ke ciki, da 'yan ninki ƙanana jere a gefe ɗaya. Idan aka ɗaga shi ya kamata ya rabu da takardar da ke ƙasan kwandon ba tare da ya yage ba, idan kuma aka ciza a ji jatan landen da ɗan ƙarfinsa, ba ya dagargaje ba. Wanda ya zo da fata mai kauri, fari fat, gefensa ya bushe, ya kwana a firiza. Shi kuwa bao, wato farin burodin nan da ake turarawa, kusan alkubus ɗinmu ne sai dai ya fi shi laushi da zaƙi, kuma akan cusa masa wani abu a ciki.

A kan abin da ake cusawa a cikin ne maganar take, kuma ina roƙonka ka karanta wannan sashe da natsuwa. Gidan da aka kai ka a Guangzhou na Musulmi ne. Ƙasar Sin tana da Musulmi fiye da miliyan 20, mafi yawansu 'yan ƙabilar Hui da Uyghur, kuma gidajen abincinsu suna ɗauke da alamar 清真 a ƙofa, wadda ke nufin halal. Kada ka ɗauka gidan da ba shi da wannan alama haka yake. A kicin ɗin mutanen Guangdong na yau da kullum alade ne naman farko, har ma idan takardar abinci ta ce nama kawai ba ta faɗi dabbar ba, to alade ake nufi. Siu mai, ƙullin nan mai rawayar fata da buɗaɗɗen baki, naman alade ne da jatan lande. Char siu bao gasasshen naman alade ne a cikinsa. Waɗannan a fili suke, kowa zai gaya maka. Waɗanda suka fi haɗari su ne masu sunan da ba ya tsorata mutum. Har gow ɗin da na yaba ɗazu, a girkin gargajiya akan yanka kitsen alade ƙanana a cakuɗa da jatan landen don ya yi maiƙo. Curin naman sa da ake turarawa, shi ma sau da yawa da kitsen alade ake kwaɓa shi. Lo mai gai, shinkafa mai danƙo da kaza da ake naɗewa a ganye, akan saka mata tsiren alade busasshe irin nasu. Wainar wani farin tushe mai siffar karas da ake kira lo bak go, wadda ido zai ce kayan lambu ce zalla, da wannan busasshen naman ake yin ta. Ɗan kek ɗin ƙwai da ake rufe ci da shi, ɓawonsa akan murza da man alade. Miyar yajin nan ta XO da ake ajiyewa a gefe tana da busasshiyar cinyar alade a haɗinta. Xiaolongbao kuwa, ƙullin yankin Shanghai mai romo a ciki, romon daga fatar alade ake dafo shi.

Bayan alade akwai giyar girki, wadda aka fi sani da sunan garin Shaoxing. Daga shinkafa ake yin ta, ana jiƙa nama da ita don kashe ƙarni, ana kuma zuba ta a kasko lokacin suya, kuma maganar da ake yi cewa wuta tana ƙone ta duka ba haka take ba, wani abu yakan saura.

Ga bambancin da nake so ka riƙe. Abincin da ake soyawa a kasko bayan ka yi oda, kuku zai iya wanke kaskon, ya sa man gyaɗa ko wani man tsiro, ya bar giyar. Amma haɗin cikin dim sum tun da asuba ake kwaɓa shi da yawa a ajiye, babu yadda za a cire abin da ya riga ya shiga. Shi ya sa a ganina, a cikin duk abincin Sinawa, dim sum ne ya fi wuya ga Musulmi a gidan da ake dafa alade. Ko kwandunan ma a jere ake ɗora su wani kan wani a tukunyar turare, ruwan na sama yana ɗiga a na ƙasa.

Don haka kada ka tsaya ga tambayar yaron da ke kawo abinci ko akwai alade a ciki. Galibi ɗan Najeriya ne, ba ya shiga wurin kwaɓi, zai dubi sunan abincin ya ce maka babu, da zuciya ɗaya. Nemi manaja, ko a tambayo maka babban kuku, ka yi tambayoyinka dalla-dalla: wane kitse aka sa a haɗin, da ƙashin wace dabba aka dafa romon, an jiƙa naman da giyar girki ko a'a, kuma man da ake suya a cikinsa an raba shi ko ɗaya ne na kowa. Ka yi hakan ta waya kafin ku taso, don kada ka sa Hajiya a tsaka mai wuya bayan kun zauna. Gidajen da suka saba da baƙi Musulmi, kuma Legas cike take da Musulmi, ba sa jin haushin irin wannan tambaya, wasu ma sun riga sun koma yin siu mai da kaza. Wanda ya yi ta kame-kame kuwa, amsar ke nan ya ba ka.

Idan amsar ba ta gamsar da kai ba, ba ku yi asarar fita ba. Abin da mutanen Guangdong suka fi alfahari da shi ma shi ne ɗanyen kifi guda da aka turara da citta da lawashin albasa, aka kwarara masa tafasasshen mai da ruwan waken suya a kai. Ka ce a yi muku shi ba giya, a haɗa da ganye soyayye da tafarnuwa da farar shinkafa da butar shayi. Wajen biya kuma ka tuna cewa kuɗin da ke rubuce a takarda ba shi ne na ƙarshe ba: akwai harajin VAT na kashi 7.5 cikin 100, da harajin jihar Legas na kashi 5 cikin 100 a kan otal-otal da gidajen abinci, wasu kuma suna ƙara ladan hidima.

TAMBAYA: Ɗana ya fara aiki, yana so ya kai ni gidan abincin Sinawa da albashinsa na farko. Ban taɓa cin jatan lande babba ko ƙaguwa ba, shin sun halatta? Ina kuma fama da hawan jini, sannan ni mai son yaji ce, an ce abincinsu zaƙi ne da shi. Daga wata Hajiya, Idi-Araba.

AMSA: Hajiya, Allah Ya yi wa yaron nan albarka, Ya sa ki daɗe kina cin gumin sa. A mazhabar Malikiyya da muke bi a ƙasar Hausa dabbobin ruwa halal ne, da kifi da jatan lande da ƙaguwa, bisa aya ta 96 a Suratul Ma'ida da hadisin da ya ce ruwan teku mai tsarki ne kuma mushensa halal ne. Hanafawa ne suka taƙaita a kan kifi. Amma tunda ba ki taɓa ci ba, ki fara da kaɗan, domin akwai waɗanda jininsu bai haɗu da su ba. Idan kika ji ƙaiƙayi a baki ko jiki, ko leɓe ya fara kumbura, ki dakata nan take, in kuma numfashi ya yi nauyi a tafi asibiti ba jira.

Maganar hawan jini ita ce ta fi buƙatar kula. Baƙin ruwan waken suya da suke sa wa kusan komai gishiri ne ƙwarai, haka ma miyar kawa da suke soya ganye da ita. Ki ce a rage, ko a kawo miki a ɗan kofi daban ki ɗiga da kanki. Ki zaɓi farar shinkafa maimakon soyayya, da turararren kifi maimakon wanda aka tsoma a mai, kuma kada ki shanye romon taliya, domin a nan gishirin yake taruwa.

Zaƙin da aka gaya miki na wasu 'yan kwanuka ne da aka fi sayar wa baƙi. Mai son yaji ta nemi girkin Sichuan ko Hunan, ba za ta nemi ƙarin barkono ba. Akwai kazar da ake kira kung pao, wadda ake soyawa da busasshen barkono da gyaɗa. Akwai kuma mapo tofu, awara ce mai laushi a cikin jar miya mai zafi, sai dai akan sa mata niƙaƙƙen nama, wani gidan na sa, wani na alade, don haka ki ce a yi miki ba nama. Kaza da naman sa kuwa, ɗanki ya tambayi inda suke saye da wanda ya yanka. Wanda ya ce daga mahautan garin nan yake ɗauka, irin na mayankar Oko-Oba ta Agege, ya ba ku abin da za ku iya bincikawa. In babu bayani, ku tsaya ga kifi.

TAMBAYA: Na ji akwai China Town a Ojota. Can ne ya fi dacewa in nemi abincinsu da araha? Daga wani ɗalibi, Agege.

AMSA: Ƙanena, wurin yana nan a Ojota da jar katangarsa mai kama da ganuwa, amma kasuwa ce ta shaguna, ta tufafi da kayan gida da makamantansu, ba unguwar gidajen abinci ba ce irin wadda ake gani a Landan ko San Francisco. Kada ka tafi da tsammanin layin masu dim sum. Ƙananan wuraren cin abinci da Sinawa ke buɗewa don junansu a kusa da kamfanoni sukan fi manyan gidaje sauƙin kuɗi, kuma girkinsu ya fi kusa da na gida, sai dai su ne suka fi amfani da alade, ga wuyar fahimtar juna wajen tambaya. Idan araha kake nema, ku haɗu ku huɗu ko biyar. Abincin Sinawa dama na tarayya ne, ana ajiye kwanuka a tsakiya kowa ya ɗiba, don haka kifi ɗaya da ganye ɗaya da taliya ɗaya da shinkafa za su ishe ku, ku raba kuɗin.

TAMBAYA: Ina aiki a wani kamfani a yankin ciniki na Lekki. Shugabanmu Basine ne, ya gayyace mu liyafar sabuwar shekararsu. Ban iya cin abinci da tsinke biyu ba, kuma na ji ana shan giya a irin wannan taro. Yaya zan yi ban ɓata masa rai ba, ban kuma saɓa wa Allah ba? Daga wani Malam, Ajah.

AMSA: Malam, sabuwar shekarar Sinawa takan faɗo ne tsakanin 21 ga Janairu da 20 ga Fabrairu, kuma ita ce babbar sallarsu, don haka gayyatar girmamawa ce. Abin da zai raba ka da jin kunya shi ne ka yi magana tun kafin ranar. Ka samu shugaban naka ko mai fassararsa ka gaya masa kai Musulmi ne, ba ka cin alade, ba ka shan giya. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinsu, suna da Musulmi a ƙasarsu, kuma mai masauki ya fi son ya ji tun da wuri ya shirya, da ya ga baƙonsa ya zauna bai taɓa komai ba.

Giyar da suke sha a liyafa sunanta baijiu, fara ce kamar ruwa, mai ƙarfi ƙwarai, a 'yan ƙananan kofuna, don haka kada ka karɓi kofin da ba ka ga abin da aka zuba ba. A al'adarsu an yarda wanda ba ya sha ya ɗaga kofin shayi a madadinta. Sai dai akwai hadisin da ya hana mumini zama a teburin da ake zagayawa da giya, saboda haka abin da ya fi shi ne ku haɗa baki da sauran Musulmin kamfanin ku nemi a ware muku teburinku, ka kuma tuntuɓi malaminka a kan halin da kake ciki. Idan abincin na tukunyar romo ce da ake dafawa a kan tebur kowa yana tsoma nasa, ku nemi taku tukunyar daban da romon kaza ko na ganye, domin tukunyar da aka raba gida biyu romonta yana fantsama.

Tsinken cin abinci ba dole ba ne, ka nemi cokali, babu wanda zai ga laifinka. In kuwa ka gwada, kada ka soke su a tsaye cikin shinkafa, saboda hakan yana kama da turaren da suke kunna wa mamatansu, kuma kada ka nuna mutum da su. Teburin yakan zama mai zagaye da faifan gilashi mai juyawa a tsakiya, sai ka jira babba ya fara ɗiba, kada kuma ka juya faifan alhali wani yana cikin ɗiba. Idan za ka zuba shayi, fara cika kofunan na kusa da kai kafin naka. Idan wani ya zuba maka, mutanen kudu sukan ƙwanƙwasa tebur a hankali da yatsu biyu a matsayin godiya. Ruwan buta in ya ƙare, a ɗan zame murfin a bar shi a buɗe, masu hidima za su gane su ƙaro. Ka yi sallar magariba kafin a zauna, ko ka tambayi wurin da za ka yi ta tun da isarka, domin irin wannan liyafa takan ɗauki sa'o'i, ana kawo kwano bayan kwano.